Gishirin Motar Muntaka

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu bibiyar wannan shafi. Ku yi mini afuwa, na yi shiru kwana biyu. Jarrabawar yara ce ta fara riƙe ni, sannan wani abu ya faru a gidanmu wanda har yanzu ban san sunan da zan ba shi ba. Ni da nake koya wa 'yan aji uku su jera magana daki-daki, yau ban san ta ina zan kama ba. Bari dai in gwada, ku yi haƙuri da ni.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Latifatu, a makaranta Ustaza Latifa. A nan Jidda aka haife ni, a unguwar Nuzla, kuma har gobe muna hawa na uku a ginin da na buɗe ido na gani. Iyayena Hausawan Sudan ne, mutanen Gadarif. Baba yana tsaron shagon yadi. Yayana Abdallah yana aiki can arewa, a duwatsun Tabuk, inda suke kula da injinan turakun sadarwa. Muntaka abokin aikinsa ne.

Sanadin haɗuwarmu mota ce. Da na samu lasin, na ce zan sayi 'yar ƙaramar mota ta hannu don zuwa makaranta a Aziziyya, sai Abdallah ya ce shi bai san komai ba, amma yana da aboki da ko tari mota ta yi zai faɗi ciwonta. Ya ba shi lambata. Motar an saya, an gama, amma saƙonnin ba su tsaya ba.

To, ga inda ruɗanina ya samo asali. Kullum da safe saƙon Muntaka yana riga shayina isowa. Amma ku tambaye ni me yake cewa.

"Ustaza, barka da asuba. Yau dusar ƙanƙara ta zuba a kan dutse. Kin duba iskar tayarki?"

Shi ke nan. Ba "na yi kewarki", ba "na yi mafarkinki". Taya, birki, ruwan lagireto. Wata rana na nuna wa Areej, abokiyar aikina, ta karanta har ƙasa, ta miƙo mini wayar ta ce, "Ya Latifa, wannan saurayi ne ko makanike?"

Ni ma tambayar da nake yi ke nan.

Motarsa kuwa labari ce mai zaman kanta. Duk mutanen sansaninsu a-kori-kura suke hawa. Shi sai ya je kasuwar motocin hannu ya ɗauko tsohuwar motar tsere, ruwan ɗorawa, mai ƙofa biyu, wadda cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Da ita yake hawa dutsen nan kullum, har cikin hunturu, lokacin da hanya take daskarewa da asuba, wani sa'in dusa ta rufe ta fari fat. Ni da ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta firij, na ce ya yi mini bayani. Murya ya turo, a natse, kamar shi ne malamin.

"Motarki ja take yi da ƙafafun gaba, kamar jaki da amalanke. Tawa turawa take daga baya, kamar mai baro. Inji yana gaba, nauyi yana gaba, baya kuwa fayau. In dusa ta zuba, sai tayoyin baya su yi ta juyawa wuri ɗaya, ko bayan ya zame ya nemi ya riga gaban isa."

"To ya kake yi?"

"Gishiri. Buhu biyu a but, ɗaya a saitin kowace taya. Ya danne ta, in kuma ta kafe in barbaɗa shi ƙarƙashin taya, ƙanƙarar ta narke. Biyu kawai, Ustaza. In ya wuce haka gaba ya yi sauƙi, sitiyari ya daina jin magana. Sai tabarma, in ta ƙi tashi in shimfiɗa mata ta taka."

"Me zai hana ka sayar da ita ka sayi irin ta kowa?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Can ya ce, "Na riga na san halinta. Abin da na ɗauka ba na mayarwa."

Na karanta wannan layin ya fi a ƙirga. Magana ce a kan mota. Ko ba a kan mota ba ce? Kun ga irin rayuwar da nake ciki.

A gida kuma wuta ake hura mini a hankali. Yumma, mahaifiyata, ba ta faɗa, tsaki take yi idan katin biki ya shigo. Iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar nan, tana ƙarƙashin Baba, kafilinsa kuma, mai shagon da ya tsaya masa, ya fara maganar rufe shago. Gida Sudan kun san halin da ake ciki. Don haka duk namijin da ya yi sallama a ƙofarmu, ko mai kawo tukunyar gas ne, sai an duba yatsunsa da takalminsa.

Ranar Asabar da ta wuce Muntaka ya sauko Jidda sabunta takardunsa. Abdallah ya ba shi saƙon man zaitun ya kawo wa Yumma. Tun safe na goge falo sau biyu, na sa turaren wuta, na fito da kofunan jabana, gahawarmu ta Sudan, masu bakin zinariya da ba a taɓa su sai da Sallah. Na sa doguwar riga ruwan toka, na cire, na sa mai ruwan zuma, na koma ruwan tokar, don kada a ce na shirya. Yumma tana kallona ta gefen ido tana naɗa tob ɗinta mai furanni, lafayar matan Sudan.

Ƙaddara ta sa ranar Gwaggo Mastura ta zo daga unguwar Ruwais. Ƙanwar Baba ce, hannunta ba ya rabuwa da lalle, bakinta ba ya rabuwa da magana. Ita ta fara jin ƙugin motar. Ta ɗaga labule ta leƙa.

"La ilaha illallahu. Wannan mota ce ko takalmi?"

"Gwaggo, abokin Abdallah ne."

"Aboki? Yalla, ba ni mayafina. Ni zan karɓo saƙon, in ga mai hawa takalmin."

Na tsaya bayan labule ina kallo. Ya fito da ƙyar, dogo ne, motar kuma gajera, farar jallabiyarsa duk ta yamutse. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ya zagaya ya buɗe but don ya ɗauko man zaitun.

Sai na ga Gwaggo ta dafe ƙirji.

Ta leƙa but. Ta leƙa kujerar baya. Ta juyo ta kalli tagarmu. Sannan ta sa hannu a hanci ta rangaɗa guɗar da sai da tattabarun kan wayar lantarki suka tashi.

'Yan uwa, ku da kuka san al'ada, ku faɗa mini me ta gani. Buhunan gishiri. Sababbin tabarmi a naɗe, da ledarsu. Da ƙullin goro a jiƙaƙƙen algarara, fari da ja. Gishiri, tabarma, goro, a ƙofar gidan da akwai budurwa. Ko a Gadarif, ko a Kano, ko a Damagaram, wannan sunansa ɗaya.

Ni kaɗai a gidan nan na san aikin gishirin. Na san aikin tabarmar. Goron ma na san mutanen sansani ba sa samunsa a Tabuk, duk wanda ya sauko Jidda sai sun yi masa saƙo.

"Hajara!" Gwaggo ta ƙwala wa Yumma kira daga titi. "Fito ki ga ɗan mutunci! Mabruk, mabruk!"

Na buɗe taga zan yi magana. Me zan ce? In ce wa duk layinmu, "Ba ni ya zo nema ba, na tayar mota ne"? Matar mai shagon ƙasa ta riga ta fito. Na jira shi ya yi bayani. Bakinsa ya buɗe, na gani da idona. Ya ɗaga kai ya kalli tagar da nake. Sai ya rufe bakin, ya sunkuya ya ɗora buhu a kafaɗa.

Ginin namu ba lifta. Sawu uku ya yi da gishiri, na huɗu da tabarmi da goro. Gumi ya jiƙa jallabiyar har baya. A kowane sawu ina cewa yanzu zai faɗa. Bai faɗa ba.

A falo ya zauna a bakin kujera, gwiwoyinsa a haɗe. Baba ya dawo cin abincin rana ya tarar da kaya jibge. Ya kalli kayan, ya kalli Muntaka.

"Yaro, a wurinmu ba mutum ke kawo wa kansa ba. Ina manyanka?"

Kafin ya motsa baki Gwaggo ta karɓe. "Haba Yaya! Wa yake da shi a nan? Mahaifinsa ya rasu, uwarsa tana can gida Kassala, hanya ba ta biyuwa. Yaro ya yi abin da zai iya. Halas, kada ka ba shi kunya."

Na ga idon Baba ya yi laushi. "Haka ne?"

"Haka ne, Baba," in ji Muntaka, kansa a ƙasa.

Wanne ne haka ne? Mahaifin da ya rasu? Uwar da ke Kassala? Ko sauran? Na shigo da tiren jabana na miƙa masa kofi. Ya karɓa bai ɗago ba. Abin da kawai ya ce mini, can ƙasa-ƙasa, shi ne, "Ustaza, na ga tayarki ta hagu a ƙasa. Tana son iska."

Wallahi na so in juye masa jabanar a ka.

Da la'asar ya kama hanya. Kafin magariba Yumma da Gwaggo sun baje a tsakar falo suna ƙulla gishiri a ƙananan ledoji, kowace da goro biyu. An kai wa Hausawan ginin, an kai wa na layin baya, Gwaggo ta cika jaka ta tafi da na mutanen Ruwais. Wayata ta cika da "Allah ya sanya alheri". Yumma ta rungume ni a kicin, abin da rabonta da yi tun ina 'yar sakandare. Ƙamshin sandal ɗin tob ɗinta ya cika mini hanci, ta ce, "Ya binti, yau zan yi barci."

Ku faɗa mini, ta yaya zan buɗe baki?

Baba ya ce ya yi magana da liman. Ranar Juma'a bayan an sallame, dattawan unguwa za su zauna a yi fatiha, a shaida cewa an ba Muntaka ni. Baba mutum ne da ba ya magana biyu a gaban maza. Abin da ya faɗa a masallaci ya zauna, ko "e" ne ko "a'a".

Na kira Abdallah, ya ce yana kan turke, iska ta yi yawa, ba ya ji. Na sake kira, bai ɗauka ba.

Muntaka kuwa, ga saƙonninsa na makon nan, na kwafo muku yadda suke.

"Na iso lafiya."

"Kin sa iskar?"

Sai ranar Laraba ya turo hoto. Motar ce a gicciye a kan farar hanya, hancinta yana kallon dutse, bayanta yana kallon kwari. A ƙasa ya rubuta: "Yau bayanta sai rawa yake, ba nauyi. Na cika but da duwatsu."

Na zauna a ɗakin malamai da jan biro a hannu, na kasa yin makin ko takarda ɗaya. Ƙorafi yake yi, cewa mun kwashe masa gishiri mun bar shi yana zamewa a bakin rami? Wasa yake yi? Ko labari kawai yake ba ni kamar kullum?

"Ki tambaye shi mana," in ji Areej.

"In ce me? 'Kana sona ko kunyar Gwaggo ka ji?'"

"Aiwa. Haka dai."

"In ya ce kunya ce fa?"

Ta ɗaga kafaɗa. "Sai ki bi gida-gida ki karɓo gishirin. Wasu ma sun zuba a miya."

Na yi dariya, dariyar ta ƙare da hawaye. Abin da na rubuta masa a ƙarshe shi ne, "Allah ya tsare. Ka riƙa tafiya a hankali." Ya ce, "Amin. A hankali nake komai." Wannan ma na karanta shi ya fi a ƙirga.

Yau Juma'a. Da hantsi ina share falo, na zo kusurwar da buhun da ya rage yake jingine, Yumma ta ce na gida ne, ba za a taɓa ba sai biki. Na tsaya da tsintsiya a hannu. An raba buhu biyu. Ɗaya ya rage. Lissafin da 'yan aji ɗaya suke yi da yatsu, ni ya ɗauke ni kusan mako.

Biyu kawai, Ustaza. In ya wuce haka sitiyari ya daina jin magana.

To na ukun na mene ne?

Zuciyata ta hau bugawa. Sai wata zuciyar ta ce, ki natsu, Latifa, wataƙila mai dafa musu abinci ne ya yi saƙo. Wataƙila ajiya ya saya don gishirin Jidda ya fi araha. Na jingine tsintsiyar, na ɗauki waya, na rubuta kafin tsoro ya dawo:

"Muntaka, motarka buhu biyu take ɗauka. Uku ka hau da su gidanmu. Don Allah ka gaya mini gaskiya kafin azahar."

Alama ɗaya. Saƙon bai shiga ba. Yana kan dutse, can kuwa in dusa ta sauko waya sai ta ga dama.

Na yi wanka, na duba. Na yi walaha, na duba. Na ninke kayan da na riga na ninke. Alama ɗaya.

Sai na ji ƙamshin turaren Baba. Ya fito cikin jallabiyarsa ta Juma'a, rawani a naɗe, darduma a kafaɗa. Ya tsaya a ƙofar ɗakina. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, zan tafi. Kowa na ji bakinsa a maganar nan ban da ke. Akwai abin da ya kamata in sani?"

Da bai tambaya ba, da na yi shiru. Amma ni ce nake tsayawa gaban yara kullum ina ce musu wanda bai sani ba ya ce bai sani ba. Kuma na hango Baba a tsakiyar dattawa yana ba da 'yarsa ga mutumin da wataƙila kunya ce kawai ta ɗaure masa harshe.

Na durƙusa. Na gaya masa komai. Motar da ke turawa daga baya, dusar, tabarmar da ake shimfiɗa wa taya, goron mutanen sansani. Na ce akwai buhu ɗaya da ban san na mene ne ba, na tambaya, ba amsa.

Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ya taɓa ce miki yana sonki da aure?"

"A'a, Baba."

"Ko sau ɗaya?"

"Maganar mota muke yi."

Ya sauke dardumar daga kafaɗa, ya sake ɗora ta. Muryarsa ba ta tashi ba, kuma da ta tashi da ya fi mini sauƙi.

"Ya zauna a falona, ya sha jabanata, na tambaye shi ya ce haka ne. Gishirin taya." Ya girgiza kai. "Ba zan roƙa wa uwata miji ba. Zan gaya wa liman a gaban mutanen da aka tara cewa babu wannan magana, kuskure aka yi. Kunyar tawa ce, ni zan ɗauka. Kada ki gaya wa Hajara, sai na dawo."

"Baba, ko za ka jira..."

"Jiran me? Namijin da ya hau bene sau huɗu bai sami bakin magana ba?"

Ya fita. Na ji takalminsa yana sauka, hawa ɗaya bayan ɗaya, har ƙofar ƙasa ta rufe. Daga kicin Yumma tana 'yar waƙarta tana soya albasar abincin da za a kai wa dattawa.

Ban san tsawon zaman da na yi a ƙasa ba. Lasifikar masallaci ta fara huɗuba. Sai wayar ta yi motsi a kan gado, sau ɗaya, sau biyu, sau uku.

"Ustaza, yi haƙuri, yanzu na sauko inda ake samun layi."

"Biyu na mota ne, da tabarmin. Na ukun da goron Abdallah ne ya ce in saya, ya ce kuma lallai in fara biyawa gidanku kafin in kama hanya. Bai gaya mini dalili ba."

"Da Gwaggo ta yi guɗa na gane abin da ya shirya mini. Ya san wata da watanni ina neman yadda zan faɗa na kasa. Na ɗaga kai na gan ki a taga. Da ina so a mayar da kayan mota, da na faɗa tun a sawun farko. Na gaya miki abin da na ɗauka ba na mayarwa. Na zaci kin gane."

Na zaci kin gane!

'Yan uwa, na miƙe, na zauna, na sake miƙewa. Na jawo abaya na sa ta a bai-bai. Masallacin yana ƙarshen layi, amma Baba sahun gaba yake zama, kusa da liman, kuma babu macen da za ta ratsa mazan Nuzla ranar Juma'a ta isa wurin. Da an sallame zai juya ya yi magana. Ba ya magana biyu.

Na nemo lambarsa. Na ce ko saƙo ne ya gani kafin a tayar da salla, ko girgizar wayar ce ya ji a aljihu. Na danna kira, na kanga a kunne, ina cewa ya Allah, ya Allah.

Ta shiga. Tana ƙara.

Sai na ji ƙarar a kusa, cikin gidanmu. Na bi ta har falo. Wayar Baba ce, inda ya ajiye ta don kada ta dame shi a masallaci, tana haske tana rawa a kan buhun gishirin nan na uku.